Wata Shida Da Dillalan Talla A Birnin Kebbi: Inda Suka Yi Ƙoƙari Da Inda Aikin Ya Kubce Musu

Mu biyar ne muke fitar da wata ƙaramar mujallar Hausa a Birnin Kebbi, huɗu malaman makaranta, na biyar kuma malamin gona ne da ya yi ritaya. Tana fita sau ɗaya a wata biyu, shafi 32, kwafi 1,000, kuma abin da ke cikinta bai wuce harkar noma da kiwo da farashin kasuwa da tarihin garuruwanmu ba. Tun farko muka ware shafi takwas na kowace fitowa domin talla, bisa lissafin cewa idan suka cika za su ɗauke mana kusan rabin kuɗin bugu. Ba su taɓa cika ba. Shekara biyu ni ne mai yawon neman masu talla bayan na tashi daga makaranta, har babu layin da ban taka ba a babbar kasuwa da Bayan Kara, kuma yawanci abin da nake komawa gida da shi bai wuce "Allah shi sa albarka, Malam" da ruwan leda mai sanyi ba. Idan na samu shafi uku a fitowa ɗaya, to wannan watan an yi kasuwa. Saboda haka a watan Oktoba na 2024 muka miƙa aikin ga waɗanda suka ce sana'arsu ce, wato wani ƙaramin ofishin dillancin talla da ke cikin gari, muka ƙulla yarjejeniya ta wata shida. Wannan rubutu bayani ne kan yadda aikinsu ya kasance, domin na san akwai makarantu da ƙungiyoyi da masu ƙananan jaridu a jihar nan da ke tunanin bin wannan hanya.

Ba ganin dama ya kai mu ƙofarsu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Takarda da tawada da farantin bugu duk daga waje ake shigo da su, masana'antar Oku Iboku da aka gina domin takardar jarida kuwa ta daɗe da tsayawa, don haka duk motsin da dala ta yi sai ya sauka a kan rim ɗin takarda. Mu kuma a Kaduna muke bugawa, motar haya ta kawo mana ɗaurin mujallu zuwa tasha, ga shi a watan da muka sa hannu litar mai ta wuce naira 1,000. Kuɗin da muke haɗawa daga aljihunmu ya daina isa, sayar da kwafi kuma ba ya mayar da uwar kuɗi, balle riba.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman bene. Akwai manaja, da samari uku masu fita kasuwa, da wata matashiya da ke tsara zane a kwamfuta. Asalin abin da ya riƙe su shi ne shirya sanarwar rediyo da fosta da sitika da allunan shaguna. Sayar da shafukan mujalla sabon reshe ne a wurinsu, kuma manajan bai ɓoye mana haka ba, abin da na yaba masa tun ranar farko. Sharuɗɗan su ne za su ɗauki la'ada kashi 20 cikin ɗari na kowace talla da suka samo, mu kuma mu riƙa ba su naira 25,000 duk wata kuɗin mai. Farashi tare muka yanke: cikakken shafi mai kala naira 60,000, rabi 35,000, rubu'i 20,000, bangon baya 100,000. Akwai jimla ɗaya a takardar da na karanta na wuce ba tare da na tsaya a kanta ba, mai cewa la'ada tana tabbata ne da zarar mai talla ya sa hannu a takardar oda. Zan dawo kanta.

A makonni uku na farko sun yi abin da ni ban taɓa yi ba cikin shekara biyu. Sun buɗe littafi suka jera 'yan kasuwa unguwa-unguwa, daga Nassarawa da Badariya da Gesse har Tudun Wada da Rafin Atiku, kowane da irin hajarsa, da sunan wanda ke da ta cewa a shagon, da lokacin da ake samunsa zaune. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin ni na sha ɓata yammaci guda ina yi wa yaron shago bayani, sai a ƙarshe ya ce maigida ya tafi Kamba sai jibi. Sun buga takardar farashi mai tsabta, sun kuma yi samfurin mujalla da gurabun talla a fili domin mutum ya ga girman abin da zai saya da idonsa. Duk ranar Alhamis da dare rahoto na shigo mini ta WhatsApp: an je wurin wane, ya ce a dawo, wane ya ce albarka. Ba su tsallake mako ko ɗaya ba, ko da rahoton babu abin daɗi a cikinsa. Kowane kuɗi da suka karɓa akwai rasit, kuma ban kama su da ha'incin ko sisi ba.

Mai zanen kuwa ita ce ƙashin bayan ofishin. Ta san cewa akwai bambanci tsakanin kaya da ƙaya, da baki da baƙi, kuma tana da haruffan da ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, ba ta barin su su koma akwatuna ko alamar tambaya a wurin bugu. Duk wanda ya taɓa ganin allon shago an rubuta "kayan daki" zai gane abin da nake nufi. Ta kuma san yadda ake hana ɗan kasuwa cusa hoton kowace haja da yake da ita cikin rubu'in shafi, ba tare da ransa ya ɓaci ba. Ta wannan fuska ba ni da abin sukarsu.

Matsalar ta bayyana mini ne ranar da na nemi in bi ɗaya daga cikin samarin in ga yadda yake ciniki. Muka hau kabu-kabu zuwa shagon wani dattijo mai sayar da injinan ban-ruwa da tiyo da maganin feshi. Lokacin an shiga shirin noman rani, shagon cike yake da manoma 'yan fadama, wasu na gwada inji a bakin ƙofa, hayaƙi da ƙara sun cika wurin. A lissafinmu babu wanda ya fi shi dacewa da mujallar da rabinta maganar shinkafa ce. Muka jira fiye da rabin awa a kan benci kafin ya juyo.

Saurayin ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce, "Baba Alhaji, ranka shi daɗe, mun zo maka da hanyar da kasuwarka za ta ƙara faɗi." Ya buɗe samfurin, ya nuna cikakken shafi, ya nuna rabi, ya karanta farashi, ya yi bayanin cewa mai kala ya fi tsada ne saboda faranti huɗu ake yi masa a maɗaba'a, baƙi da fari kuwa ɗaya. Bayanin daidai ne, kuma ya haddace shi sarai. Alhaji ya karɓi mujallar ya juya ta gaba da baya, ya shafa takardar da babban yatsa kamar mai duba shadda, sannan ya dube ni, ba saurayin ba, ya ce, "Malam, wagga takarda taku, wa ka karanta ta? Mutanena na Bunza da Suru da Kalgo, rediyo su ka saurare." Na ce malamai da ma'aikata da ɗalibai ne suka fi saye, kuma da yawansu suna noma. Ya ce, "Awo, su ma sun san shagona."

Sai ya zaro wayarsa ya miƙa wa yaronsa, yaron ya buɗe hoton wani sabon inji da suka ɗora a WhatsApp da safe, ya nuna mana jerin waɗanda suka kalla, sun haura ɗari biyu, kowa da sunansa. Alhaji ya ce mutum uku daga cikinsu sun riga sun kira, ɗaya ma ga shi can yana ɗaure inji a bayan babur. Saurayin ya ce za a yi masa ragi, rabin shafi a naira 30,000. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ba tsada ta hana ba. Ka kawo man mai saye, in ba ka la'adarka nan take." Ya sa aka kawo mana lemo, muka sha, muka fito.

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ina ganin a cikinta duk wahalar sana'ar take. A kasuwarmu, ko ta dabbobi ce ko ta hatsi ko ta filaye, dillali yana cin la'adarsa ne bayan an yi sallama, mai saye ya biya, mai kaya ya ƙirga. Ita kanta kalmar talla, asalinta yarinya ce da faranti a ka tana kai haja har ƙofar gida, ta dawo da ciniki a ɗaure a bakin zane, a lissafa a gani. Tallar takarda kuwa tana neman ɗan kasuwa ya biya tukuna, kafin ya ga ko mai saye ɗaya, kuma ko mai sayen ya zo daga baya babu yadda za a tabbatar cewa shafin ne ya turo shi. Ba rowa ba ce, ba kuma rashin wayewa ba, kamar yadda manajan ya taɓa faɗa cikin fushi; mutumin da ke sauke injina daga Kano da Legas yana kuma bin bashin manoma har girbi ya fi mu duka sanin lissafi. Samarin an koya musu sayar da faɗi da tsawo na takarda, alhali tambayar da ake yi musu ita ce wa zai gani, kuma yaushe zai zo. Duk lokacin da aka yi musu wannan tambaya sai su amsa da ragi, ragi kuwa yana ƙara tabbatar wa ɗan kasuwa cewa tun farko abin bai kai kuɗinsa ba. Sau biyu na gaya wa manajan cewa ya kamata yaransa su riƙa tafiya da jerin wuraren da mujallar ke zuwa, makaranta kaza kwafi kaza, sakatariya kaza kwafi kaza. Ya ce shawara ce mai kyau, amma ba a fara aiki da ita ba sai a fitowa ta uku.

A nan dole in ɗauki nawa kason laifin. Mujalla mai kwafi 1,000 ba Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ce, jaridar da aka fara bugawa a 1939, wadda a da mutum ɗaya kan karanta a bakin kasuwa goma na saurare. Yanzu wanda zai karanta wa jama'a labari wayarsa yake buɗewa. Babu dillalin da zai iya ƙara mana masu karatu da bakinsa, kuma ban sa ran haka daga gare su ba.

Waɗanda suka saya kusan iri ɗaya ne: makarantu masu zaman kansu da ke neman ɗalibai, wata cibiyar koyar da kwamfuta, wani kamfanin shirya tafiyar Umara, mai ɗakin taro na biki, mai sayar da kayan wutar sola, da wata Hajiya mai atamfa da leshi da turaren wuta. Dukkansu masu hulɗa ne da ma'aikacin albashi, wato ainihin mai karanta mu. Sai kuma shafukan taya murna, na naɗin sarauta ko ƙarin girma, waɗanda su ne mafi sauƙin samu kuma mafi wuyar karɓar kuɗinsu. Tafiye-tafiyen da suka yi wajen gari kuwa asarar mai ce kawai, kuma da sun tambaye mu da mun hana su. Mai albasa a Aliero tirela yake lodawa zuwa Kudu, mai busasshen kifi a Yawuri haka, babban ɗan kasuwar Jega kuwa abokan cinikinsa sun gaji hulɗar ne daga iyayensu. Babu ɗayansu da ke neman malamin firamare na Birnin Kebbi ya san lambarsa. Manyan kamfanonin casar shinkafa da suka bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a jihar nan cikin Nuwamban 2015, da rassan bankuna da kamfanonin waya, duk amsarsu ɗaya ce, wato maganar talla a hedikwata ake yanke ta, a rubuto takarda. An rubuta. Ofishin ba shi da kowa a Abuja ko Legas da zai bi sawun takardun, kuma bai kamata a ce sun ɗauki mako biyu kafin su gane haka ba.

Yanzu ga lissafi. A fitowa uku, ta Nuwamba da ta Janairu da ta Maris, muna da shafi 24 na talla. Sun samo sa hannu a kan shafi 15, jimlar kuɗinsu naira 960,000. A takarda wannan ya kusa ninka abin da nake samowa, kuma a taronmu na Disamba har tafi aka yi. Amma zuwa ƙarshen Maris abin da ya shigo hannu naira 570,000 ne. Daga ciki suka cire la'adarsu, ba ta kuɗin da aka karɓa ba, ta dukkan abin da aka sa wa hannu, naira 192,000, kamar yadda waccan jimla ta ba su dama. Kashi 20 ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan aka ƙara kuɗin mai na wata shida, 150,000, abin da ya rage mana naira 228,000 ne, da bashin 390,000 a warwatse cikin gari. Abin da Alhaji mai injina ya ƙi yarda a yi masa, mu da karatunmu muka sa hannu aka yi mana.

Ba zan ce zamba suka yi ba, domin a rubuce yake kuma na karanta. Sai dai tsarin ya lalata aikin yaransu ta hanyar da ko manajan bai hango ba. Tunda sa hannu ke kawo la'ada, saurayi ba ya matsa wa kowa ya ba da kafin alƙalami. Da zarar mutum ya ce "a sa, in ta fito mu gani", sai a miƙa masa biro. Ɗan kasuwa kuma ya san cewa shafin da aka riga aka buga ba buhun shinkafa ba ne da za a zo a ɗauke. Bin bashi ya dawo kaina, ni da na ba da aikin domin in huta da yawo. Akwai wani shafin taya murna da na yi wa sawu bakwai, kullum ana ce mini mai sa hannu ya yi tafiya.

Labarin Hajiya mai atamfa ya bambanta, kuma shi ne kuskure mafi muni da suka yi. Ta ɗauki rabin shafi a fitowar Janairu, ta biya 15,000, saura 20,000. Da mujallar ta iso na kai mata da kaina har gida. Ta sa tabarau, ta yaba hoton, ta kira 'yarta ta gani, sannan ta bi lambar waya da yatsa, sai ta tsaya. An juya lambobi biyu na ƙarshe. Ta ce, "Malam, wannan ai ba lambata ba ce." Muka kira, wani mutum ya ɗauka daga wani gari, ya ce mu ne na huɗu da suka tambaye shi leshi. Hajiya ta ajiye mujallar a kan kujera ta ce, "To ka gani, masu saye uku kun kai wa wani." Ban iya buɗe baki na tambayi cikon kuɗi ba. Da na bincika, saurayin ne ya kwafi lambar da hannu daga allon shagonta, kuma ba a mayar mata da zanen ta duba kafin a tura Kaduna ba, saboda lokaci ya ƙure. Manajan ya amsa laifi ba gardama, ya je ya ba ta haƙuri, muka sake sa mata kyauta a fitowar Maris, shi ya yafe la'adar wannan karon, mu muka yi asarar gurbin. Daga ranar suka kafa doka cewa babu tallar da za ta tafi maɗaba'a sai mai ita ya gani ya amince, ko da ta waya ce. Abin ban dariya, wannan kuskure ne ya ba mu shaida ta farko a tarihin mujallar cewa akwai masu karanta talla har su kira.

Abin da ya fi komai tasiri a wata shidan nan ba ya cikin yarjejeniyar ma. A tsakiyar Fabrairu, ana saura mako biyu azumi, mai zanen ta ce me zai hana a buga jadawalin sahur da buɗa-baki na Birnin Kebbi a takarda ɗaya babba, a kewaye shi da ƙananan gurabun talla. Hujjarta mai ƙarfi ce. Jadawalin da ke yawo a waya galibi na Kano ne ko Kaduna ko Abuja, mu kuwa muna yamma sosai, rana tana faɗuwa a nan bayan ta faɗi a Kano da fiye da minti goma sha biyar, don haka wanda ya bi na Kano zai sha ruwa da sauran rana. Muka kai lokutan ga wani malami masanin lissafin lokutan salla ya duba, aka kuma rubuta a ƙasa cewa a jira kiran ladan. Aka yanka gurabu 16 a naira 15,000 kowanne, da babban layi na sama a 60,000, kwafi 3,000, aka buga a nan gida da kala biyu.

Cikin kwana tara gurabun suka ƙare, kuma kowa ya biya kafin bugu, wasu kuɗi hannu wasu ta banki. Mai dabino da sukari ya saya, mai ƙanƙara ya saya, tela ya saya, mai shago biyu na kayan masarufi ya nemi gurbi biyu aka ce ɗaya ya rage. Samarin nan da ke ta fama da bayanin faranti huɗu, a wannan karon ba su buƙaci dogon zance ba, domin babu wanda ya tambaya wa zai gani. Kowa ya san za a manna shi a bangon masallaci da teburin mai shayi da ƙofar kicin, a duba shi sau biyu a rana har kwana talatin ko ashirin da tara. Kuɗin kuma daidai aljihun mai ƙaramin shago ne, kuma wasu sun ɗauke shi rabin talla rabin neman lada. An fara azumi ranar Asabar 1 ga Maris, 2025, kuma tun daren Juma'a samarin suka gama rabawa a masallatai da tashoshi. Bayan an fitar da kuɗin bugu da la'ada, abin da takarda ɗayan nan ta bar mana ya fi abin da tallar kowace fitowa ta mujallar ta bari. Na so a ce manajan ya ga darasin da ke ciki da wuri, amma shi har yanzu yana kallon jadawalin a matsayin ɗan aikin gefe, shafi mai kala kuma shi ne aikin gaske.

Ga wanda ke tunanin ɗaukarsu, hukuncina ya rabu biyu. Idan makaranta ce ko ƙungiya da ke shirya mujallar shekara ko littafin taro, inda masu talla iyayen yara ne da 'yan ƙungiya da suka riga suka yi niyya, to wannan ofishi zai yi aiki mai tsabta, da rasit da zane mai kyau da rahoto a kan lokaci, kuma kashi 20 bai yi yawa ba. Haka idan abin da za a buga na rataye ne, kalanda ko jadawali. Amma wanda ke da jarida ko mujalla mai fita a kai a kai, yana fatan su juyo masa da 'yan kasuwar da suka ƙi shi, kada ya sa rai sosai. Za su taka inda bai taka ba, su kuma jiyo amsar da ya saba ji. Kuma ko wane ne, kada ya sa hannu sai an rubuta cewa la'ada a kan kuɗin da ya shigo take, cewa mai talla zai biya aƙalla rabi kafin a ɗora masa zane, kuma bin ciko aikin wanda ya samo tallar ne. Kuɗin mai ma gara a ɗaure shi da cikin gari, duk tafiyar da ta wuce Kalgo ko Ambursa a yi shawara tukuna.

Da wa'adin ya cika mun zauna da manajan kusan awa biyu. Ya ƙi sauka daga kashi 20, ya ce idan har yaransa za su bi bashi to sai 25, muka tsaya a nan, bisa sharaɗin kuɗin da ya shigo kawai, kuma aka soke kuɗin mai na wata-wata. Mun rage shafukan talla daga takwas zuwa biyar, mun fasa shafi ɗaya zuwa ƙananan gurabu goma sha biyu masu arha, mun kuma daina karɓar taya murna sai da kuɗi a hannu. Daga cikin bashin 390,000 an karɓo 110,000 zuwa yau. Aikin da ke gabansu yanzu shi ne kalandar noman rani mai nuna lokacin zuba iri da dashe da sa taki, wadda abokin aikinmu malamin gona ya tsara, kuma Alhaji mai injina ya riga ya biya kuɗin layin sama, bayan ya sa an karanta masa lambar wayarsa sau biyu.